Ranar da Baba Ya Ci Gefen Fiza

Zuwa ga Yayana abin alfaharina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara. Allah ya yaye maka ciwon bayan nan da ka ce yana damunka, ya sa albarka a aikinka, ya dawo mana da kai lafiya. Mu nan duk kalau muke, alhamdu lillahi. 'Yan biyuna sun shiga aji huɗu, surutu kuwa sai abin da ya ƙaru, babansu ya ce wai ni suka gado. Aikin idon Inna ya yi kyau ƙwarai, an cire bandeji, har zare take zurawa a allura da kanta. Tun da ta fara gani ba ta bar kowa ya huta ba, ta ce ashe haka labulen falo ya koɗe muka yi mata shiru.

Yaya, gyara zama, don labarin da ke bakina ya fi ƙarfin waya. Na san halinka, da na fara za ka ce in taƙaita, ni kuwa yau ba zan taƙaita ba! Ka san wata takwas ke nan Baba ba ya yi wa Auta magana, tun ranar da ya ajiye aikin ofis ya koma gashin fiza, faffaɗan burodin nan da ake ɗora wa cuku da nama, a wani ƙaramin gidan abinci. Shekara talatin da biyar Baba ya yi a bakin tanderun burodi, ya fito da tabon ƙuna a hannu da tarin da har yau bai rabu da shi ba, ya kuma sha faɗin cewa ya ƙone ne don kada ɗansa ko ɗaya ya ƙone. To ga ƙaraminmu ya bar kujera da sanyin ofis ya koma wuta da ƙafarsa. In Auta ya zo gaisuwa, Baba sai ya ƙara muryar rediyo. Yaron nan har ya daina shigowa falo, a bakin ƙofar kicin yake tsayawa ya gaida Inna ya juya. Abin yana ci min rai ba kaɗan ba.

Ranar Asabar da safe Inna ta kifa tukwanenta ta ce yau ba girki. Ta ce tun da Allah ya dawo mata da idonta, abin da take so ta gani shi ne ɗanta a wurin sana'arsa, kuma likita ya ce kada ta fita sai da mai riƙe mata hannu. Ni dai na san likita bai ce dole sai Baba ba, amma na ja bakina na yi gum. Baba ya yi faɗa, ya yi tsaki, ya shiga ɗaki ya fito, a ƙarshe ya ɗauko hularsa ya ce shi ɗan rakiya ne kawai, ko loma ɗaya ba zai ci ba. Har gorar ruwansa ya riƙo daga gida don kada ya sha nasu. Bayan la'asar muka cika mota, ni da baban 'yan biyu da yaran, ga Inna da Baba, ga Goggo da ta ce ita ma ba za a ba ta labari ba.

Wurin ɗan tsukuku ne, tebur takwas da jajayen kujerun roba, fanka tana ta ƙara a sama, ɗalibai sun cika lungu guda suna gardamar ƙwallo. Amma ƙamshin, Yaya! Tun daga bakin ƙofa ya tare mu. A can ciki akwai gilashi babba, ta nan ake ganin tanderu da wutarsa, ga Auta da farar hula yana juya kwaɓi a sama yana cafewa kamar wasa. Yana ɗago kai ya ga Baba, sai kwaɓin ya sauka a kafaɗarsa. 'Yan biyu suka fashe da dariya, Inna kuwa ta tsaya cak tana kallonsa, ta ce ashe ya yi gemu ba wanda ya gaya mata.

Muka sa aka kawo manya guda biyu, ɗaya mai kaza da tattasai, ɗaya mai nama da albasa. Kai, ka ga yadda cuku yake bin hannu in an ɗaga yanka! Goggo ta ja, ta ja, ya ƙi tsinkewa, ta miƙe tsaye tana ja, tana cewa wannan abinci ne ko zaren saƙa. Baban 'yan biyu ya ɗauki wuƙa da cokali mai yatsu wai shi wayayye, yankan farko ya tashi ya faɗa cinyarsa, ya haƙura ya sa hannu kamar kowa. Mun ci, mun lashe yatsu, amma duk tsakiyar muka cinye, muka tara gefen nan mai kauri a bakin faranti. Baba yana zaune ya harɗe hannu ya haɗe rai, wai bango yake kallo. Ni kuwa ina lura da shi. Duk sanda Auta ya zura shebur ɗin katako cikin tanderu, sai in ga hannun Baba yana motsi a kan gwiwarsa, yana juyawa tare da shi.

Ka tuna yadda Baba yake gwada sabon ma'aikaci a gidan burodi? Ya kifa burodin ya duba ƙasansa, ya ƙwanƙwasa da yatsa, ya gutsuri gefe ya sansana. In ya kai baki, an karɓe ka. In ya ajiye ya kakkaɓe hannu, sai ka koma ka sake. Ai kai ba sai na tuna maka ba, sau uku aka kakkaɓe maka hannu a hutun makaranta, har ka rantse karatu ya fi maka. To ana cikin haka sai Baba ya miƙa hannu ya ɗauki yanka ɗaya da ya rage ya kifa shi, kaza da tattasai suka zube a tebur, ko a jikinsa. Ya duba ƙasan, ya ƙwanƙwasa, ya sansana. Sai ya ajiye ya kakkaɓe hannu. Wallahi gabana ya faɗi. Auta yana kallo ta gilashi, na ga kafaɗunsa sun sauka, Inna ta kama bakin mayafinta tana murzawa.

Sai Baba ya yafito mai kawo abinci, ya ce ya je ya gaya wa wancan mai tsayuwa a bakin wuta cewa ƙuryar tanderunsa ta hagu ta fi zafi, kuma yana jinkirin juyawa da kamar numfashi biyar, shi ya sa gefe ɗaya ya yi duhu ɗaya bai gama tashi ba. Wai wancan! Amma ni na ji daɗi, don saƙo ne dai ya tafi daga uba zuwa ɗa, karo na farko cikin wata takwas. Auta ya ɗauko sabon kwaɓi ya buɗa shi a hankali, wannan karon ba wasan jifa, ya sa tumatir da cuku kawai, ba nama ba komai da zai ɓoye aikin hannunsa. Muna ganin leɓensa yana ƙirga. Mai wurin, wata mata mai fara'a, ta fahimci akwai magana, ta rage ƙarar talabijin, har ɗaliban nan suka yi tsit.

Auta da kansa ya kawo, ya ajiye gaban Baba ya durƙusa. Baba ya kifa, ya duba, ya ƙwanƙwasa, ya gutsuri gefen ya sansana, ya daɗe yana juya shi a hannu har na ji kamar in yi ihu. Sai ya kai baki. Yaya, ya ci! Ya tauna a hankali, ya sake gutsura, ya sake. Goggo ta rangaɗa guɗa a tsakiyar gidan abincin mutane, ɗaliban da ba su san komai ba suka kama tafi, ni kuwa ga dariya ga hawaye. Baba ya jawo farantanmu ya tattara gefen da muka bari, yana mana faɗa wai mun cinye kayan ado mun bar aikin, a gefen ake gane hannun mai gashi. Daga nan ya kama hannun Auta ya juya shi, ya ga sabuwar ƙuna a wuyan hannun, ya naɗe hannun rigarsa ya jera nasa tsohon tabon kusa da ita, wuri ɗaya sak. Ya ce masa ya riƙa sauke shebur kafin ya janyo, kuma ranar da ba shi da aiki ya zo gida da safe, akwai tsohon shebur ɗinsa a bayan kabad, ya fi wannan sauƙin riƙo. Auta ya kifa kansa a gwiwar Baba, Inna ta ce alhamdu lillahi da aka gyara mata idon kafin wannan rana.

Sauran gefen Baba ya naɗe a takarda ya sa aljihu, washegari da shi ya sha shayi. Gorar ruwansa kuwa a can ya manta da ita.

Yanzu saura kai, Yaya. Na san ka bi bayan Baba ne ka daina ɗaga wayar Auta, to wanda ka bi ya riga ka sauka. Shekaranjiya Auta ya zo ya karɓi shebur ɗin, a falo ya zauna, rediyo a kashe. Da zai tafi ya tambaye ni a hankali ko kana tambayarsa, na ce kullum. Don Allah kada ka bar ni da ƙarya a baki, ka kira shi. Safiyar Litinin ba ya aiki.

Inna tana gaishe ka tana sa maka albarka, Baba ya ce ka kula da bayanka, Goggo ta ce in ka zo ita za ta koya maka jan cuku. Baban 'yan biyu da yaran suna gaisuwa. Ka gaida min Anti da Babban Yaro da 'Yar Lele, ka shafa min kan jaririya. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri, a teburin nan na kusa da gilashi.

Taka har kullum,
Ƙanwarka, Sarauniyar Surutu