Ƙwaryar Dada Mu'minatu

Gidan Na'Allah, ƙasar Tambuwal
Ranar Litinin

Zuwa ga Yayata Mas'uda,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da abin da ke cikinki. Yaya ƙafafun? Hamdiya mai daddawa, wadda za ta miƙa miki wannan takarda, ta ce sun kumbura har takalmi ba ya shiga. Tun da Inna ta ji haka ba ta cin abincin kirki. Ta share ɗakin da za ki yi goyon ciki tun watanki na bakwai, ga shi kin shiga na tara ba ki zo ba.

Yaya, akwai maganar da ban faɗa wa kowa ba. Kin san baki na yi mini nauyi, shi ya sa na rubuta.

Kin san tun kakar bara, da shanun garinku suka shiga gonar Baba Namadi aka fasa mishi kai, mazanmu da na Tungar Malami suka rantse ba mai ƙetare rafi. Mijinki Sirajo ko wayar Baba ba ya ɗauka. Goggo Tambaya ce ta tara matan garinmu, ta ce rantsuwar maza ba ta hau kan mai ciki ba. Ta yi ta aika gaisuwa ta bakin Hamdiya, har ranar da surukarki Dada Mu'minatu ta aiko da ƙwaryarta cike da nono, da curin man shanu a sama. Mata suka yi guɗa. Kowace ta kawo dintsin gero aka cika ƙwaryar, don ba a mayar da ƙwarya wofi sai in an yanke zumunci.

Ni aka aza wa ita, don an ce ba namijin da zai tare yarinya.

Yaya, ruwa ya ƙaru a mashigi. Santsi ya kwashe ni, geron duka ya bi rafi. Na kamo ƙwaryar, na wanke mata laka. Da na iso bakin garinku na ga mata a rijiya sun zuba mini ido, sai harshena ya mutu. Na ajiye ta gaban wata tsohuwa na ruga. A gida na ce wa Goggo na kai.

Yanzu Hamdiya ta ce Dada ta kife ƙwaryar a ƙofar ɗakinta, ta ce ta ji amsar Gidan Na'Allah, kuma ba inda za ki. Goggo ta rasa gane laifinta. Ni na sani.

Don Allah ki gaya wa Dada gaskiya. Ke za ta saurara.

Ki gaida kanki.
Ƙanwarki,
Nasiha

Gidan Na'Allah
Ranar Juma'a

Yaya Mas'uda,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da jiki, Allah ya sawwaƙe. Hamdiya ta dawo da takardata yadda na naɗe ta. Ta ce idanunki na yin duhu, kanki na sara, ba ki iya karatu, ita kuma ba ta yi boko ba. Ta ce fuskarki ma ta hau. Ma'aikaciyar asibitin da ta zo allurar yara ta ji wannan, ta ce a kai ki asibiti kada a kwana biyu. Hanyar Kebbe ta yanke da ruwa, ko babur ba ya wucewa. Ta wajenmu kawai mota ke fita zuwa Tambuwal.

Ina rubuta wannan ko da ba mai karanta miki.

Jiya da hantsi na sami Goggo tana tankaɗe, na durƙusa na faɗa mata. Na ɗauka duka za ta yi. Da ta yi, da ya fi mini sauƙi. Sai ta ce gero ya zube ba komai ba ne, rafi ma ya ci rabonsa, amma na bar ƙwarya ta yi magana a madadina, ita kuma ƙwarya wofi magana ɗaya ta iya. Ta ce da ni 'yar bebiya mai takardar firamare.

Ta sake tara mata. Baba Namadi ya tsaya a ƙofar gida yana nuna tabon kanshi, ya ce duk wadda ta ƙetare kada ta dawo. Goggo ta ce mishi ita ta yanke mishi cibi, kuma ba ta tambayi uwarshi ko 'yar wane gari ce ba, ya kauce ta wuce. Ya kauce.

Gobe da safe za mu zo, mata goma sha fuɗu, kowace da geronta ƙulle a gefen zane, don in ɗaya ta faɗi saura su isa. Amma Goggo ta ce ba za ta buɗe baki ba sai na fara. Ni zan tsaya gaban Dada da matan garinku in faɗi abin da na yi.

Yaya, ni da ko a aji ban taɓa ɗaga hannu ba. Ina ta maimaita maganar a bayan rumbu, ina zuwa tsakiya sai ta tsinke. In na kasa fa? In wani abu ya same ki, ni ce. Ki yi haƙuri ki jira mu. Don Allah ki jira.

Taki,
Nasiha

Tungar Malami, ƙasar Kebbe
Ranar Talata

Yayata,

Assalamu alaikum. Yaya jiki, yaya asibiti? Ina gaida Inna da Goggo da ke zaune da ke.

Kina kwance lokacin, ba ki ga yadda aka yi ba. Na faɗa, Yaya. Murya ƙasa-ƙasa, har Dada ta ce in ɗaga, ba da tururuwa nike magana ba. Na maimaita. Tsohuwar rijiya ta ce lalle ta ga zanena jiƙe ranar, ta ɗauka rashin kunya ce ta sa ban gaishe ta ba. Dada ta tura ƙwaryar da ƙafa ta ce in buɗe ta da hannuna. Matanmu suka kwance zannuwa ɗaya bayan ɗaya har ta cika.

Matan garinmu da na garinku suka ɗauke ki a kan ƙyauren ɗaki. Sirajo ya bi ku har bakin ruwa ya tsaya, sai Dada ta ce rantsuwarshi ta riƙe mishi takalma, shi ya kama ƙyaure. Ya kama.

Dada ta ce an ɗauke mata ɗiya, sai a bar mata ɗiya, don mazanta su san za a dawo. Shi ya sa nike nan har suna. Ina kwana ɗakinki, ina yi mata daka. Yara na kirana Mai-ƙwarya.

Kwana uku ba labari. Wayar Sirajo ba ta shiga. Duk babur ɗin da na ji sai in fito.

Dada ta ba Hamdiya ƙwaryar da nono, a kai wa Inna. Ba na roƙon gero, Yaya. Ki sa a rubuta mini ko layi ɗaya, cewa kin sauka kuma kina gani, a saka a ciki. Kada ta dawo mini wofi.

Ƙanwarki mai jira,
Nasiha