Mahaifina maɗori ne, an hana a gyara masa ƙugu

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, abin da ke faruwa a gidanmu ya ishe ni.

Mu 'yan wani ƙauye ne kusa da Gazawa, gidanmu gidan ɗori ne tun kakanni, har daga tsallaken iyaka ake kawo wa Baba masu karaya. Yanzu shekara biyu ke nan ƙugunsa ya cinye, ba ya iya tsayuwa. Yayana ya kai shi Yamai aka yi hoto, lokotoro, wato likita, ya ce sai an cire kan ƙashin an sa na ƙarfe, ya haɗa mu da wata asibiti a ƙasar waje inda na'urar robo ke taya likita aikin. Ya yi mana bayani dalla-dalla, likita ne ke riƙe da ita, ita dai tana auna wurin yanka don kar a kauce. Har rana an ba mu.

Sai ƙanen Baba, Baffa, wanda ke karɓar masu karaya yanzu, ya ce atafau. Wai in aka ji inji ya taɓa ƙashin maɗori, sunan gidan ya mutu, babu mai sake kawo ko karyayyen ɗan akuya. Ya bi dattawa yana cewa robo ba ya bisimilla kafin yanka, su kuma suka hau kai suka zauna.

Abin da ya fi ba ni ƙyama, sun kulle Baba a ɗakin baya, duk wanda ya zo gaisuwa sai a ce ya yi tafiya. Mutumin da ya tada guragu yau a kwano yake fitsari, katifarsa tana wari, bayansa ya fara gyambo. Baffa kuwa yana zaure yana tofa wa ƙafafun mutane addu'a da sunan Baba. Wallahi ko gaishe shi ba na son yi.

Jiya ina goge wa Baba jiki ya riƙe hannuna ya ce, "'Yata, na san ƙashi, wannan ya fi ƙarfin kara da tsumma. Ku kai ni, ina so in sake kai goshina ƙasa."

Baffa ya rantse duk wanda ya fitar da shi ya fita daga dangi. Yayana ya fara sanyi. Ranar Laraba ya kamata mu tashi. In samo mota in ɗauke shi ni kaɗai, ko in zuba ido ya ruɓe a ɗakin nan?