Zoben Tagulla a Maƙogwaron Injinka

Zuwa ga Malam, maigidana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin wadda ta kamaci mace ga mijinta, ina roƙon Allah ya haskaka makwancinka. Na san wannan takarda ba za ta iso gare ka ba. Ni da na ƙare ƙuruciyata ina koya wa yara cewa ba a rubuta wasiƙa sai da adireshi, yau ga ni ina rubuta wadda ba ta da shi. Amma wani abu ya faru a ɗakin injinka, kuma duk faɗin Gwaram ban ga wanda zan ba labarin ya fahimce shi ba sai kai.

Gida lafiya. Damina ta yi kyau, riɗi ya yi albarka. Matan garin Sara da na Farin Dutse suna nan suna kawo niƙa, wasunsu har yanzu sai sun tambayi ina Malam kafin su tuna, su kama bakinsu. Da aka zo rabon gado, injin niƙan na roƙa a sa a kasona, abin da ya ba 'yan'uwanka mamaki, domin sun san ban taɓa taka ƙofar ɗakin nan ba. Ɗanmu Kabiru ya so ya tafi da ni Kano bayan na fita takaba. Na ƙi. Ka san ni, ba zan iya zaman jiran a zubo mini abinci a gidan kowa ba, ko da ni na haife shi. Sai muka yi yarjejeniya: muddin injin yana aiki, ina nan a ɗakina, ranar da ya mutu, zan haɗa kayana ba gardama. Na amince ne domin na ga ya fi ni ƙoshin lafiya.

A makon jiya Lawan, wanda ka bari yana niƙa, ya ce bututun man gas yana yoyo. Na aika Birnin Kudu aka kira Malam Idi makanike, abokin aikinka. Ya zo da hantsi, ya cire tukunyar da ke tace iska domin hannunsa ya sami hanya, bakin da injin ke shaƙar iska ya zama a buɗe. Sai ya miƙa hannu bayan ƙofa, inda buhun tsummanka ke rataye, bai sami komai ba.

Malam, ni na sa aka ƙona buhun nan. Ka tuna yadda kake bin tsofaffin zannuwana kana yagawa, ina faɗa? Kakan ce ba ka kwance ko noti ɗaya sai ka toshe kowace kafa da tsumma, ni kuwa ina ganin tsabar son tara tarkace ne. Da na shiga sharar ɗakin bayan rasuwarka, buhun ne farkon abin da na fitar. Malam Idi ya ce bari a samo ƙyalle a cikin gida. Na dubi matan da ke layi da kwanukansu, na ce aikin bai kai ya jawo ɓata lokaci ba, ya ci gaba. Ya girmama ni, bai musa ba. Da ma ya musa.

Akwai wani ɗan zoben tagulla da ake sa wa bututun domin kada ya yi yoyo, bai fi zoben jariri girma ba. Shi ne ya suɓuce daga yatsunsa. Na ji ƙararsa sau ɗaya a jikin ƙarfe, daga nan ya shige cikin buɗaɗɗen bakin nan, shiru.

Lawan ya kai hannu ga babban wilin da ake juya injin da shi, wai zai juya ko abin ya faɗo ta wani wuri. Ban san lokacin da na riƙe masa hannu ba. Ka san daga ina na san haka? Daga bakinka. Duk labaran nan da kake ba ni muna cin tuwo, ina duba littattafan ɗalibai kamar ba na ji, ashe suna zaune a kaina. Ka sha faɗa cewa idan abu ya faɗa ta nan, a kan bawul, ɗan murfin da ke tare hanyar iskar, yake tsayawa; da an juya wili bawul ya buɗe, sai ya gangara kan fistin, can cikin injin. Malam Idi ya tabbatar da haka. Ya ce idan ya gangara, dole a ɗage kan injin gaba ɗaya, kuma gaskit ɗin da ake shimfiɗawa a mayar da kan, irin na wannan tsohon injin, ba ya jin za a same shi a Birnin Kudu, ko a Kano ma sai an dace. A raina na ga motar Kabiru a ƙofar gida.

Ya gwada da mayen ƙarfe ɗaure a waya. Ni da shi duk mun san maye ba ya kama tagulla, na koyar da hakan a aji har na gaji, amma muka tsaya muna kallo ko Allah zai canja dokarsa saboda mu. Ya gwada waya da giris a bakinta, ta fito da baƙin datti kawai. Hanyar a lanƙwashe take, fitilar wayarsa ba ta kai ƙasa, yatsunsa kuma sun yi kauri. Ya ce idan aka ci gaba da lalube a makance, za a iya tura zoben inda ba a so. Matan suka fara ɗaukar kwanukansu, wata 'yar Zandam ta ce in yi haƙuri, ai injin ma ya bi mai shi ne.

Sai na tuna madubina. Ƙaramin nan na sa kwalli, wanda ka ara tun ina koyarwa, ka ce kana haska cikin inji da shi, ba ka taɓa dawo da shi ba duk da mitar da na yi. Na buɗe akwatin sifanunka, na same shi a ƙasa, naɗe cikin yankin zanena mai ruwan goro. A tsakiyar gilashin akwai shatin babban yatsanka na baƙin mai, kowane layi a fili, har da tabon nan da bel ya yi maka.

Na tsaya a bakin ƙofa na tari rana da shi, na karkata hasken cikin bakin injin. Hasken ya shiga a dusashe. Malam Idi ya leƙa ya ce ba ya ganin komai, sai an goge madubin. Bai san abin da yake nema a wurina ba. Na jima ina riƙe da shi. Me ya rage mini naka, Malam? Tufafinka an raba, ƙur'aninka yana wurin Kabiru. Wannan kaɗai ne wurin da jikinka ya taɓa ya bar alama. Amma idan na ajiye shatin, zan bar ɗakin da ka gina, da ƙarar injin da ka bar mini. Na sa gefen mayafina na goge.

Hasken ya sauka har ƙasa, ga zoben yana ƙyalli a jingine da bawul. Na aika aka ɗauko tsinken kwarashina, aka ɗaure shi a siririyar wayar keke. Malam Idi ya riƙe madubin, ni na zura, domin hannuna ya fi nasa siranta. Ya zame mini har na fid da rai, ina durƙushe a kan buhun dusa. Daga baya ƙugiyar ta shiga tsakiyarsa, na jawo shi a hankali kamar mai zare ƙaya daga ƙafar yaro. Kafin la'asar injin ya tashi.

Ga abin da ban taɓa faɗa maka ba. Lokacin da nake koyarwa, daga ajina ana jin bugun injin nan. Kowace safiya sai na ji ya tashi nake samun natsuwar fara darasi, domin na san kana tsaye da ƙafafunka. Idan ya yi shiru da rana, alli yakan tsaya a hannuna. Me ya hana ni faɗa? Abin da kake ji daga bakina kullum shi ne ka wanke hannu kafin ka taɓa mini labule. Yanzu na duba labulen kaf, ban sami ko ɗigo ba. Ka bi umarnina fiye da yadda ya kamata.

Na gaya wa Kabiru ya bar motarsa inda take. Jiya kuma na ciro zanen nan shuɗi da ka sayo mini a kasuwar Birnin Kudu, wanda nake ta adanawa, na yayyaga shi da hannuna, na cika sabon buhu na rataye bayan ƙofa. Madubin yana cikin akwatinka, fes, babu komai a kansa sai fuskata idan na leƙa.

Allah ya jiƙanka, ya sa ka huta. Ka yafe mini tsumman, ka yafe mini shirun.

Matarka, wadda yanzu take da baƙin mai a ƙarƙashin farce,
Rabi'atu