Sawun da Na Gani a Gefen Bahonka

Zuwa ga ɗana Abba, a Kanada.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan wasiƙar nan ta same ka cikin lafiya, lafiyar gaske, ba wadda kake gaya mini a waya ba. Mu nan Harra ta Yamma sai godiya. Sanyi ya shigo Madina, irin namu, wanda yanzu kake yi wa dariya.

Na ajiye wasiƙar a shafinka na intanet, ƙarƙashin hoton bahonka, domin idan na aiko maka kai kaɗai, "Tamam, Ummi" kake mayar mini, shi ke nan. Da Hausa na rubuta. Mutanen makarantarku ba za su gane ba, waɗanda za su gane namu ne, sun san ka tun kana goye. Na san karanta Hausa yana ba ka wuya, kamar yadda rubuta ta yake ba ni wuya, ni da na koyi baƙi bayan furfura ta fara fito mini. Mu yi haƙuri da juna. Ka karanta a hankali.

Ranar da ka kira ka ce in hau saman gida in ɗauko maka hoton tankin ruwa, na ɗauka kewar gida ce. Sai ka ce ka sayi bahon roba, irin wanda ake hura wa iska, mai injin ɗumama ruwa, ka kafa shi a bayan gidan da kake haya, amma sanyi yana cinye zafin kafin ka shiga. Kana son sanin abin da aka naɗe tankinmu da shi. Na yi dariya a lokacin. Tun da na zo garin nan muke fama da rana kada ta dafa mana ruwa a tanki, ga ɗana can yana fama kada ruwansa ya huce.

Na hau, da gwiwoyin nan nawa. Na ɗauki hoton. A wajen saukowa ne dariyar ta tafi, don na tambayi kaina: yaushe Abba ya fara son zama cikin ruwan zafi?

Kai ka sani, ni ma na sani. Yaron da aka haifa da sikila ba ya ganin ruwan zafi ya tuna wasa. Kowane lokacin sanyi, idan ciwon ya tashi a ƙasusuwanka, tukunyar nan ta biki nake ɗorawa, in juye a babban daro, in sirka, in gwada da gwiwar hannuna, in zaunar da kai. Kana kuka kana cewa ana sara maka ƙafa. Sai ruwan ya ratsa ka kake yin shiru. Da ka girma, ko daron ba ka son gani. Kai ka ba mai shara shi da hannunka.

Duk da haka na tafi Jurf, shagon Malam Idrisu, mutumin Chadin da ya naɗe mana tankin. Na nuna masa hoton bahonka. Ya ce ya san irin bahon, ya naɗe wasu a gidajen hutu na gonakin Awali, samari suna shiga lokacin sanyi suna shan shayi suna hira. Na riƙe maganar nan tasa sosai. Har na dawo gida ina gaya wa kaina ai samari ne, ai wasa ne, ke ce mai saka abu a rai.

Ga abin da ya ce, ban rage maka komai ba, don kada ka ce na ɓoye saboda ba na so. Ƙasa ce take fara shan zafin, don haka ka kwashe ruwan, ka ɗaga bahon, ka shimfiɗa soso mai kauri a ƙarƙashinsa. Jikin bahon ka zagaye shi da azil, takardar nan mai ƙyalli ta jikin tankinmu, ka ɗaure da kyau kada iska ta samu wurin shiga. Tiyon da ke tsakanin injin da bahon ma ka naɗe shi, don ta nan ruwa yake saurin hucewa. Amma injin kada ka lulluɓe shi ruf, ka bar masa wurin shan iska, kuma wayar wuta kada ta kwanta cikin danshi. Murfin sama ya fi kowanne muhimmanci, in ba kana ciki ba kada ka bar shi a buɗe. Idan za ka ƙara bargo a kai, ka rufa tamfol, don bargon da ya jiƙe ya fi babu muni. Maganar ruwa ya daskare a cikin tiyo kuwa, ya ce shi bai taɓa gani ba, ka tambayi mutanen can.

Da na zauna zan rubuto maka wannan, sai na sake buɗe hoton bahon don in ga inda tiyon yake. Na ja shi da yatsu biyu ya ƙara girma, yadda ka koya mini. Abba, da ma ba ka koya mini ba.

Ban taɓa taka ƙanƙara ba, amma na san sawu. Kafin iyayena su tsallako da mu daga Sudan, a rairayi na girma ina bin awaki. A kan ƙanƙarar da ke cikin hoton, daga ƙofar gidanka zuwa bahon, sawun mutum ɗaya ne. Ina abokan da ka ce kuna shiga tare? Sawun dama ya nutse, na hagu da ƙyar ya taɓa. Kuma a gefen kowane taku akwai ɗan rami zagayayye, a jere, har bakin bahon. Ba tsuntsu ba ne. Ba ɗigon ruwa ba ne. Na san abin da yake barin irin wannan ramin, marigayi babanka ya dogara shi a ƙarshen rayuwarsa.

Daga nan sauran abubuwa suka dawo mini. Tun da sanyinku ya fara, ban ƙara ganinka a tsaye ba. Kullum a kujera, wayar daf da fuskarka. Da na ce idanunka sun yi ɗorawa, ka ce fitilar ɗakin ce. Da na ce ka zagaya da ni in ga kicin ɗinka, ka ce a hargitse yake. Kai da kake wanke kofi tun kafin mai shi ya ajiye. Kuma likitanka na nan ya taɓa gaya mana, kana zaune, cewa ciwon nan yakan ci ƙashin ƙugu a hankali, a riƙa lura. Ka kalli taga kamar ba da kai ake ba.

Wataƙila na yi kuskure. Wataƙila wani dattijo maƙwabcinka ne ya zo ganin bahon. Na gwada yarda da haka, ya ƙi zama. Idan na zarge ka a banza a gaban mutane, ka yafe wa uwarka, zan fi kowa murna da kunyar.

Na san dalilin da zai sa ka ɓoye. Ranar da za ka tafi, ni na tsaya a bakin ƙofa na ce ƙasar sanyi ba ta mai sikila ba ce, kuma ranar da ciwon ya tashi, ranar za ka tattaro ka dawo. Ka ce, "Abshiri, Ummi," wato in kwantar da hankalina, ka sumbaci goshina. Tun daga nan kake tsoron gaya mini ko ciwon kai ne, kada in ce ka bar karatun da ka sha wahala ka samu.

To, ka ji abin da Malam Idrisu bai sani ba. Shi baho ya iya naɗewa. Ruwan zafi yana kwantar maka da ciwo, amma fitowa daga cikinsa ita ce haɗarin. Ka tuna ban taɓa ɗaga ka daga daron nan ba sai na rufe tagogi, tawul yana kan kafaɗata na ɗumama shi a jikin tukunya. Yanzu ga ka za ka fito jiƙe, cikin iskar da take daskarar da ruwa, da ƙafa ɗaya mai ƙarfi, a kan santsi, ba kowa kusa. Idan ka zame a wurin nan, wa zai ji? Kada ka shiga sai akwai mutum a gidan. Ka ajiye riga mai kauri inda hannunka zai kai tun kana ciki. Ka sha ruwa kafin ka shiga, ka sha bayan ka fito, kada ka daɗe. Kuma baho ba asibiti ba ne. Ka je a duba ƙugun nan, ka gaya musu maganar bahon, ka ji abin da za su ce.

Na janye maganar da na yi a bakin ƙofa. Ba zan ce ka dawo ba. Na rubuta a nan inda 'yan uwa suke gani, don su zama shaida a kaina. Ka gama abin da ya kai ka.

Abu ɗaya nake roƙo. Ranar Juma'a, idan ka dawo daga masallaci, ka jingina wayar a inda zan gan ka gaba ɗaya, ka tako daga ƙofa zuwa bahon. Idan da sanda ne, ka taho da sandar. Na ɗauke ka a bayana zuwa asibiti har ƙafafunka suna jan ƙasa, ganin sanda ba zai kayar da ni ba. Rashin sani ne yake hana ni cin abinci.

Allah Ya sassauta maka sanyin ƙasar nan, Ya sa ɗumi a ƙasusuwanka, Ya tsare takunka a kan santsi. Allah Ya haɗa ka da maƙwabci mai jin motsi. Allah Ya ba ka ƙarfin gaya wa uwarka gaskiya, ni kuma Ya ba ni ƙarfin ji ba tare da na karya alkawari ba. Amin.

Wayata tana caji, tana kusa da ni.

Ni ce mahaifiyarka,
daga Harra ta Yamma, Madina.