Jan Fayil ɗin da Ka Bar Mini

Baba,

Na fita kana barci. Ruwan jiya da la'asar ya shiga ɗakin ƙarƙashin ƙasa na laburaren da nake aiki, har gwiwa. Littattafan rubutun hannu sittin sun jiƙe sharkaf.

Ka yafe mini. Jan fayil ɗin da ka bar mini ranar da ka yi ritaya daga can, mai lambobin 'yan kwana-kwana da bayanin yadda ake ceton jiƙaƙƙiyar takarda, a ɗakin ƙasan na jefa shi. Da ka ce in karanta, dariya na yi, na ce, "Haba Baba, shekara talatin kana jiran ambaliya, ta ƙi zuwa!" Ban taɓa buɗe shi ba. Yanzu tawadar ta narke.

Abu ɗaya na tuna ka faɗa: a daskarar da littafi kafin ya yi fumfuna. Don Allah ka kira abokinka Si Lutfi mai kifi, ya ara mana firiza ɗinsa kafin azahar.

In ƙafarka ta bari, ka zo. Ban san da wanne zan fara ba.

Dursaf