Tumatirin Tani

Laraba, 27 ga Oktoba, 1999

Gari ya watse, kowa ya tafi Gusau ƙaddamar da Shari'a. Hedimasta ya ce akwai wuri a motarsu, na ce ƙafa na ciwo. Ba ƙafa ba ce.

An yi sadakar arba'in ɗin Tani makon jiya. Yau na zagaya bayan madafa neman guga, sai ga irin tumatirin da ta yafa kafin ta kwanta ya fito, kore shar, har ya isa dashe. Matata ta tafi ta bar mini aiki, kamar yadda ta saba.

Lahadi, 14 ga Nuwamba

Na dasa su gefen rijiya. Rabi sun kwanta kamar an yi musu rasuwa su ma. Shekara da shekaru ina cin tumatirin nan, ban taɓa sanin ba a dashe da rana tsaka ba. Malamin makaranta ke nan.

Asabar, 18 ga Disamba

Azumi. Sun miƙe, sun yi fure. Da la'asar nake ban ruwa. Ƙamshin ganyen na manne wa hannu, irin wanda nake ji a hannunta in ta miƙo mini ruwan buɗa baki. Na daɗe ban wanke hannun ba.

Litinin, 3 ga Janairu, 2000

Na shiga madafa, karo na farko tun rasuwar. Namiji da madafa, me ya haɗa? A bangon gabas akwai wasu tabo, busassu, ja-ja baƙi-baƙi, duk da shaidar yatsunta biyar. Wuri uku ko huɗu. Na ce ikon Allah, ashe nan take goge hannu in tana miya. Na ɗora tafina a kan ɗaya. Nata ƙarami ne.

Ba zan iya ganin wannan kullum ba. Na kira Muhtari magini, na ce ya kankare ya shafe da siminti kafin Sallah. Ya ce, "Malam, bangon ga lahiyarshi lau." Na ce ni dai a yi.

Juma'a, 7 ga Janairu

Bango ya yi sumul. Na ji sauƙi.

Juma'a, 28 ga Janairu

Na farko ya nuna! Ya cika tafin hannu har ya zubo, mai tsaga-tsaga kamar kabewa, mummuna dai yadda ya saba. Na yanka, nama zalla, ruwa kaɗan. Na daka ƙuli da yaji da gishiri, na sa albasa, na yi datu. Ni kaɗai na cinye kwano, ina ci ina share ido, na ɗora wa albasa laifi.

Da nakan tsokani Tani cewa tumatirinta kamar kan jariri. Takan ce, "To bar shi mana, ka ci na kasuwa." Ban taɓa bari ba.

Alhamis, 10 ga Fabrairu

Sun zuba 'ya'ya ba kama hannun yaro. Na kai wa liman, na kai wa maƙwabta. Wanda ya fi duka girma na naɗe a takarda na kai wa hedimasta, ya ɗora kan tebur malamai suna zagayawa suna kallo. Ya ce, "Malam Labbo, ashe kai ma manomi na?" Na yi murmushi ban ce aikin Tani ba ne. Yabon ya yi mini daɗi, gaskiya.

Ya roƙi iri. Na ce in na buɗe kwallayen marigayiya zan ba shi. Tabbas yana ƙulle a tsumma a cikin ɗaya.

Lahadi, 5 ga Maris

Zafi ya fara. Ganye na ƙonewa, 'ya'yan sun koma ƙanana. Na ci na ƙarshe cikin manyan da safe.

Asabar, 18 ga Maris

Naja'atu, 'yarmu, ta zo daga Zurmi gaisuwar Babbar Sallah. Ta sha wuya, sai da ta jira motar mata ta cika. Ta shiga madafa za ta ɗora tukunya, ba ta ko ɗora ba. Ta fito ta durƙusa nesa da ni.

"Baba, wa ya taɓa bangon Inna?"

Na ce ni na sa, hannunta nake gani ya hana ni sukuni.

"Baba, iri na. Irin tumatir na. Kowace shekara wanda yaf fi girma take bari shi nuna tuɓus, ta matse shi ga bango shi bushe. Hayaƙi na hana ƙwari ci. In lokaci ya yi ta kankare kaɗan ta yahwa, ta bar saura."

Na ce kwallayen fa? Ta ce babu komai ciki sai daddawa da kanwa. Mun buɗe duk da haka. Daddawa da kanwa.

Ta tambaya ko na bar wani babba ya nuna. Na ce na ci. Na rabar. Ta koma ta hura wuta. Da ta yi mini faɗa da ya fi mini.

Daga Badarawa Tani ta zo da irin nan ranar da aka kawo ta, na uwarta ne, uwar ma gada ta yi. Ni da kuɗina na biya aka kankare shi aka zubar a bola.

Lahadi, 19 ga Maris

Na je bolar. Kaji sun daɗe da gama aikinsu.

Alhamis, 23 ga Maris

Na bi motar 'yan kasuwar Shinkafi na sauka Badarawa, gidan Suwaiba, yayar Tani. Ta tsufa sosai. Da na faɗi abin da ya kawo ni sai ta yi dariyar da ba ta daɗi ba.

"Labbo, ai ni wajen Tani nike son aikawa. Namu ya tahi da ɗakin da ruwa yac ci bara waccan. Na ce ba komi, na wajenku Ƙaura na nan."

A kasuwa na zagaya masu iri. Duk na gwangwani ne, dogon nan mai tauri da ke jure mota. Wani ya ce wa zai noma mai tsaga, kafin a kai shi Gusau ya zama miya? Na dawo hannu rabbana.

Na tambayi hedimasta babban nan da na kai masa. Ranar aka yi miya da shi.

Asabar, 1 ga Afrilu

Gindi ɗaya ya rage da rai, na kusa da rijiya. Ɗa ɗaya gare shi, bai fi ƙwan kaza ba, ga tabon tsutsa a gefe. Da watan jiya ne da awaki zan jefa wa. Na yi masa rumfa da tsohuwar tabarma, na kewaye da ƙaya. Naja'atu ta aiko cewa irin ƙarshen kaka ba ya da ƙarfi, wataƙila ya fito, wataƙila a'a. In ya fito ma ba lalle ya yi girman na Inna ba.

Laifina ne. Duk zamanmu ban taɓa tambayarta yadda take yi ba. Ci kawai na iya.

Lahadi, 9 ga Afrilu

Ya nuna tuɓus. Na tsinke, na shiga madafa, na matse shi a bangon gabas na shafa da tafi. 'Ya'yan ba su da yawa, kuma siminti ba ya riƙo kamar ƙasa, sai da na dinga dangwalo masu gangarowa da yatsa. Na hura wuta don hayaƙi, ko da yake ba abin da nake dafawa.

Muhtari ya shigo aron guga, ya leƙa ya gani. Ya ce, "Subhanallahi, Malam, wa yaɓ ɓata aikin ga? Bari in ɗauko ruwa in wanke."

Na ce ya bar shi.

Tafin ya fi nata girma, ya kuma karkace. Gobe ma zan hura wutar.