Wankan Mahaifinki a Gadon Asibiti

Zuwa ga ɗiyata Hadiza,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina lafiyarki, da maigidanki da yara? Yaya zafin Agadas? Mu nan Maraɗi sai godiya.

Mahaifinki yana kwance asibiti tun da aka yi mashi aiki a ƙafar da ya sare a gonar Jiratawa. Lokotoro, wato likita, ya ce akwai ƙwayar cutar da ba ta jin allura, don haka kullum sai an goge majinyaci da ruwan magani, daga wuya har tafin ƙafa. Na daɗe da fid da rai da asibitocinmu, amma wannan wankan na yarda da shi, don na ga yadda cutar ta sa gyambon maƙwabcin gadonshi ya ruɓe.

Sai Yaya, mahaifin naki, ya ƙi. Ya ce mutum na kwance, baƙi na juya shi dama da hagu suna wankewa shiru, ai wankan gawa ke nan. Har hawaye ya yi, Hadiza.

Na roƙi majo, ma'aikacin jinya, ya koya mani wankan. Na sa safar hannu, na zaunar da shi, ina gogewa ina tsiya: "Tsoho, wannan dauɗar tun ta aurenka na fari ce?"

Ya ce, "Ɗan banza, duk karatunka na Yamai a wankan ƙato ya ƙare!"

Na ce, "Gaskiyarka, Yaya. Amma gawa ba ta zagi."

Yanzu da kanshi yake kirana. Ƙafar ba ta rufe ba tukuna, ki dage da addu'a. Ki gaida maigidan.

Baffanki,
Sani